Daga Jos Zuwa Kano da Zomo a Cinya

Zumunci ne ya kai ni Jos, kwana uku kacal. Ranar da zan juyo, ina ɗaura takalmi, sai yayata da ke aure a Unguwar Rogo ta fito da kwalin taliya an huhhuda shi da wuƙa. Ta ce, "Ga alƙawarin 'yata, ka kai mata." Na leƙa, sai ga zomanya fara fat mai jajayen idanu, 'yar wata huɗu, tana ta motsa hanci. Yaya ta zuba mata harawa a ƙasan kwalin, ta bi ni har ƙofar gida tana nanata magana ɗaya: ko da wasa kada in bari a sa ta a but.

A tashar Bauchi Road kuwa abin da ɗan kamasho ya fara yi ke nan, ya kai hannu zai cusa kwalin tsakanin buhunan dankalin turawa. Na ce a'a, a cinyata za ta zauna. Fasinjoji suka yi ta dariya, wani matashi ya ce ko Alhaji zai biya mata kuɗin kujera ne.

Watan Afrilu ne, amma da hantsi a Jos iska na da sanyi, don garin yana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku. A wannan ni'imar aka haifi zomanyar. Ni ko a raina ban kawo cewa muna gangarawa ne zuwa inda zafi ke kai digiri 40 ba. Mun wuce Jengre lafiya, mun tsaya Saminaka aka sha mai, na saya mata karas ta ƙi kulawa. Na ɗauka baƙunta ce.

Bayan mun ratsa dajin Falgore, rana ta take, motar ta zama kamar tanda. Na ji kwalin ya yi shiru, babu ƙarar ƙafa. Da na buɗe, gabana ya faɗi. Ta miƙe ɗoɗar, kai a sama, numfashi sama-sama, hancinta ya jiƙe, jijiyoyin kunnenta sun fito jajur. Na ɗauko gorar ruwa zan sheƙa mata, sai wata dattijuwa a kujerar baya ta dafa kafaɗata.

"Ɗan nan, kada ka yi mata wanka. Kunnen za ka jiƙa."

Ashe shekara da shekaru tana kiwon zomaye a Tudun Wada. Ta ce zomo ba ya gumi irin namu, ta waɗannan dogayen kunnuwan yake fitar da zafin jiki, kuma kwara masa ruwan sanyi a jika na iya firgita shi ya mutu. Ta miƙo gefen mayafinta, muka jiƙa, na riƙa shafa bayan kunnen a hankali. Matashin nan mai zolaya ya miƙo hannu zai ɗaga ta da kunne ta sha iska, Baba ta doke hannun. Ta ce haka ake ɗaukar zomon da za a yanka. Na gida hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a tallafe ƙugu, don in ya yi harbi a sama yana iya karya bayansa da kansa.

Direba ya ƙi tsayawa, wai yana so ya juyo da lodi. Sai da Baba za ta sauka a Tudun Wada na samu fiya wata mai ƙanƙara guda biyu, na naɗe a hankici na jingina a gefen kwalin. Kafin mu kai Kwanar Dangora zomanya ta ja jiki ta kwanta a jikin ledar. Wajen gonakin shinkafar Kura na ji ƙus-ƙus, ta fara tattaunar harawa. Har matashin sai da ya ce alhamdulillahi.

Da la'asar muka sauka Unguwa Uku. A gida 'yata ta riga ta shirya mata wuri a kusa da kicin, inda rana ke dukan kwano tun safe. Na ce ina, muka mayar da kejin gindin darbejiya, aka jingina shi da randa, don jikin randa kullum a sanyaye yake. Baba ta gargaɗe ni a mota cewa harawa da ciyawa su ne abincinta, dusa kaɗan, karas kuwa alawa ce. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, in bai samu abin gurgura ba zai nemo da kansa. Wannan kam na gaskata a daren farko, da muka sake ta a falo ta datse wayar cajata gida biyu.

Kwana biyu da zuwanta 'yata ta shigo a guje, wai zomanya tana cin kashinta, ko ba ta da lafiya. Na kira Yaya a Jos, ta yi dariya har da tari, ta ce wannan mai laushin da ma ci suke, da shi cikinsu ke ƙarasa aikinsa, a ƙyale ta. Sannan ta tambaya ko yaushe zan dawo in ɗauki namijin.