Godiya ga masu zuwa jaje, har da masu danne dariya

Assalamu alaikum. Ni da sauran magoya bayan Lakers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles, na majalisarmu, mu uku ne duka-duka, muna miƙa godiya ga duk wanda ya tako ko ya bugo waya ya yi mana jaje tun da Denver ta yi waje da mu a zagayen farko na wasannin neman babban kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2024, ta ci wasa 4 mu 1. Wanda ya zo da zuciya ɗaya da wanda ya zo yana cije leɓe, duk mun gani. Allah ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga Yayana, ɗan gani-kashe-nin Boston, wanda ya dafa kafaɗata ya ce, "Haƙuri ƙanena, ai kuna da kofin Disamba, ko shayi kwa sha a ciki." Yaya, na ji, Allah ya saka da alheri. Amma kofin nan da kuke rainawa, na sabuwar gasar tsakiyar kaka ta NBA, gumi aka yi kafin a ɗauko shi. Ranar 9 ga Disamba, 2023, a Las Vegas muka doke Indiana 123 da 109. Anthony Davis shi kaɗai ya zuba maki 41, aka ba LeBron James gwarzon gasar. Mu ne kuma na farko da suka taɓa ɗaga shi, wannan kam ko Boston sai dai ta yi kallo.

Na sani, wasan ƙarshen ko a teburin kaka ba a lissafa shi. Na kuma yarda, ranar da aka rataye masa tuta a saman filinmu, kusa da na manyan kofuna 17, ni ma sai da na sunkuyar da kai. Kamar mai digiri ne ya kafa takardar firamare a falo. To amma kowane ɗan wasa ya tashi da dala 500,000. A wurin LeBron kuɗin cefane ne, amma yaron da ke ɗumama benci, je ka ce masa kofin wasa ne ka ji amsa.

Ina gode wa mai shayin bakin layinmu, wanda tun Disamba in ya miƙo min kofi sai ya ɗaga shi sama da hannu biyu, majalisa ta kwashe da tafi. Jiya dai ya tausaya, bai karɓi kuɗina ba.

Sai uwargida, wadda ta jure ihuna na ƙarfe uku na dare. A daren kofin ta leƙo falo, ta tarar da ni ina tsalle da waya a hannu, na gaya mata kuɗin da aka raba. Ta dube ni ta ce, "Baban yara, kai nawa ne naka a ciki?" Har yau ina neman amsa.

Zaman karɓar jaje ya tashi daga yau. Wanda bai samu zuwa ba, mun yafe.