Yadda na gyara ɗan kicin ɗina na gidan haya

Kicin ɗin gidan da muke haya a Kano faɗinsa bai kai mita 2 ba, in kika tsaya a tsakiya kika ware hannuwa saura kaɗan ki taɓa bango biyun. Sinki ɗaya a ƙasan taga da 'yar kanta ta siminti mai tayel, iya abinda mai gidan ya yi kenan. Ni kuma na tare da kayan jere irin na kowace amarya, kuloli saiti-saiti, farantai, tukwane tun daga 'yar mitsitsiya har wadda ba a ɗora ta sai ranar suna.

Kafin in kira kafinta sai da na fara tace kayan. Duk abinda ba ya hawa wuta ko shiga hannuna a cikin sati na mayar da shi kwalinsa na ɗora a saman wadirob. Da Gwaggo ta zo cewa ta yi "ke 'yar nan, kayan da aka zuba wa kuɗi a Kasuwar Rimi ne kika dunƙule a kwali?" Nace Gwaggo ai suna nan lafiya lau, wurin ajiye tukunyar miya ne babu. Har yau bata yarda ba, nidai na samu wurin juyawa.

Sai bango, inda za a kafa kabad. Kafintan da oga ya kawo ya tambaye ni "Hajiya da katakon MDF za a yi ko na filawud", kuma gaskiya ya yi min adalci don shi ya faɗa min MDF in ya sha ruwa kumbura yake ya dinga marmashewa, toh kinsan kicin ɗinmu ba ya rabuwa da ruwa, sai muka tsaya a filawud, suka je Ƙofar Ruwa suka siyo. Kabad ɗin sama zurfinsa santimita 30 kawai aka yi don kar goshi ya dinga karo da shi, tsakaninsa da kanta aka bar wajen 55 yadda blenda zata tsaya a miƙe, kuma nace a kai shi har silin, saboda wannan 'yar tazarar da ake bari a sama ba abinda take tarawa sai ƙura da kyankyasai. Da sukuru aka ɗaura komai, ranar tashi mu kwance abinmu.

Ya so ya bar wasu a buɗe ba murfi irin na hotunan Instagram, naƙi. Masu wannan hoton ba su san hunturun Kano ba, kwana ɗaya zaki iya rubuta sunanki da yatsa a kan faranti. Kanta ɗaya ce na bari a buɗe, siririya da bata wuce santimita 10 ba, kwalabe layi ɗaya, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kanwa, daddawa (ita kam a samu murfi mai kamawa sosai). Kwalaben bama ne na wanke, kina ɗaga ido kin ga wanda ya kusa ƙarewa. A ƙasanta aka kafa siririn bututun ƙarfe da ƙugiyoyi, ludayi, mataci, rariya, muciya duk suka koma rataye.

Maganar gas ita tafi tsaya min a rai. Silindar 12.5kg tana cin wuri, mutane da yawa sai su tura ta cikin kabad su rufe, alhali gas ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru ba ki sani ba sai an kyasta ashana. Oga ya roƙi mai gidan aka huda bango ta ƙasan taga aka zuro tiyo, silindar ta koma waje cikin ɗan keji da kwaɗo a inuwa. In naku mai gidan ya ƙi, a barta a fili inda iska ke ratsawa, a dinga shafa ruwan omo a mahaɗar tiyon, in ya yi kumfa akwai yoyo.

Firij ma waje na fitar, yana lungu kusa da ƙofar kicin, don in yana jikin murhu zafi yake sha, ga wutar da ba zama take ba, ɗan sanyin da ya tara nan da nan ya gudu. Ita ƙofar ciki take buɗewa da, aka juya ta waje, sai ga wurin durom ɗin ruwa ya fito.

Shinkafa, wake da garin tuwo na juye a fararen bokitai masu murfi na jera a ƙasan kanta kan wani katako mai taya, in zan yi shara in jawo shi gaba ɗaya, ɓera ya daina samun buhun da zai huda. Bangon fari aka shafa, fentin mai, wanda in manja ya fantsama soso da omo ke fidda shi, sannan na manna 'yar fitila mai caji a ƙasan kabad tunda ƙwan silin bayana yake haskawa, inuwata ta rufe albasar da nake yankawa.

Abu mafi arha kuma shine ragowar katakon da na sa ya yanke min daidai bakin sinki. In ba wanke-wanke nake ba sai in ɗora shi a kai, nan nake gyaran kayan miya da yankan alayyahu, har murjin fulawar cincin a kai nake yi. In zaki sa a yi miki, ki ce ya goge gefunan sosai kuma ya huda ɗan rami a gefe na rataya, don ya dinga bushewa.