Bayanan da na share da hannuna

A shekarar da nake rubuta kundin digirina na biyu a fannin fiziks, aikina shi ne kula da wata na'urar GPS da aka kafa a kan rufin sashenmu a nan Sakkwato, wadda take auna yadda saƙon tauraron ɗan'adam yake ratso saman sararin samaniya kafin ya iso ƙasa. Da rana layin da take zanawa a kwamfuta yakan tafi sumul, amma daga wajen sallar isha'i, musamman a watannin Maris da Afrilu, sai ya shiga tsalle-tsalle, wani lokaci ma saƙon ya yanke, kuma ba ya lafawa sai wajen tsakar dare. Na zargi janareta, na zargi ƙura, har na hau rufin na goge eriya da tsumma. Daga ƙarshe na yanke hukuncin cewa na'urar ce ta sami matsala, na share bayanan dare na mako uku.

Da na shaida wa malamina, sai ya dube ni ya ce, "Malam, lalacewar da take kiyaye lokaci kamar ladan ba lalacewa ba ce." Ya sa aka kawo kwalba, ya zuba ruwa da man gyaɗa, ya bari suka rabu, sannan ya kifa ta. Ruwan ya koma sama na ɗan lokaci, sai ga man yana kutsowa ta cikinsa kamar yatsu.

Abin da yake faruwa ke nan a saman kanmu. Daga wajen kilomita 150 zuwa sama akwai shimfiɗar da ake kira F, inda hasken rana yake fizge ƙwayoyin lantarki daga iska, ya bar cakuɗen da masana suke kira filasma. Idan rana ta faɗi, gindin shimfiɗar yana saurin sirancewa, sai filasma mai kauri ta zauna a kan mara kauri, kamar ruwan nan a kan mai. Wata shimfiɗa da ke ƙarƙashinta, mai suna E, wadda da rana take shanye duk ƙarfin lantarkin da ya taso, ita ma ta dushe, kuma a daidai lokacin ne wani ƙarfin lantarki mai fuskantar gabas yake cicciɓa shimfiɗar F zuwa sama, inda iska ba ta da yawan da za ta danne motsi. To, a irin wannan hali ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa: zai yi ta girma har ya zama kumfa mai ƙarancin filasma, ta huda sama ɗaruruwan kilomita, tana gangarawa gabas, tana wargaza duk saƙon rediyo da ya ratsa ta. Sunan wannan rashin daidaito Rayleigh-Taylor, kuma wani masani mai suna Dungey ne ya danganta shi da sararin samaniya a 1956, bayan wasu masana biyu, Booker da Wells, sun ga alamunsa a Huancayo ta ƙasar Peru tun 1938.

Sai kuma na yi kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni kunya, domin wannan karon karatu ne ya kai ni. Na ci karo da bayanin da wani masani mai suna Perkins ya yi a 1973 a kan taguwoyin dare da ake gani a sararin ƙasashe irin su Japan, masu tafiya jere-jere zuwa kudu maso yamma, na kwaso shi ɗungurungum na ɗora wa bayanaina. Na manta cewa bayanin nasa na wuraren da layukan maganaɗisun duniya suke a karkace ne, alhali layin ikweta na maganaɗisu, wato inda layukan suke kwance sosai, ta Najeriya ya ratsa, Sakkwato ba ta da nisa da shi, kuma a nan layukan kusan a kwance suke. Malamina ya ja jan biro a kan babin gaba ɗaya, ya rubuta a gefe, "Wace sama kake aunawa?"

Bayanan da na share kuwa ba su da kwafi a ko'ina, kuma kumfar ta fi yawaita ne a lokutan da dare da rana suke daidaita. Dole na jira Satumba da Oktoba, na riƙa kwana a ofis da tabarma da fitila, ina jiran layin ya fara tsalle.