Yadda Sinadaran Jinsi Ke Juya Sashen Kwaɗayi a Ƙwaƙwalwa

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya da masana ke kira VTA, wanda ke aika dofamin, sinadarin da ke zaburar da sha'awar abu, zuwa wani yanki mai suna akumbens a duk lokacin da mutum ya hango abin da ransa ke so, ko abinci ne, ko kuɗi, ko kuma ƙwaya. Tun a 1954 James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill da ke Kanada suka ga ɓera yana ta danna wani maɓalli ba ƙaƙƙautawa don a tsikari wani sashe na ƙwaƙwalwarsa da lantarki, sai dai an shafe shekaru masu yawa ana yin irin wannan bincike a kan ɓeraye maza kusan zalla.

Jill Becker ta Jami'ar Michigan na cikin waɗanda suka karkata ga ɓeraye mata, kuma ta nuna cewa istirojin, sinadarin jinsi da ya fi yawa a jikin mace, yana ƙara yawan dofamin da ke fita a ƙwaƙwalwar ɓera mace cikin abin da bai wuce rabin awa ba, alhali a namiji ba a ga irin wannan ba. Saurin nan ya fi ɗaukar hankalina, domin yana nuna cewa sinadarin ba sai ya bi doguwar hanyar sauya aikin ƙwayoyin gado ba, yana iya taɓa fatar ƙwayar jijiyar kai tsaye. A 2017 Erin Calipari da abokan aikinta a New York suka gano cewa idan ɓera mace ta shiga lokacin barbara, ƙwayoyin VTA suna aika saƙo da sauri fiye da yadda suka saba, hodar iblis kuma tana ƙara kama furotin ɗin da ke kwashe dofamin, don haka sai dofamin ya daɗe yana aiki a tsakanin jijiyoyi.

Furojestaron kuwa, wanda shi ma sinadarin jinsi ne da ya fi yawa a jikin mace, sau da yawa yakan ja akalar baya, saboda jiki yana mayar da shi wani sinadari da ke ƙarfafa GABA, wanda aikinsa shi ne kwantar da jijiyoyi. Wani nau'in wannan sinadari mai ƙarfafa GABA ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019 don jinyar ciwon damuwa da ke kama wasu masu jego. Testostaron, sinadarin jinsi da ya fi yawa a jikin namiji, shi ma ba a bar shi a baya ba, wani kaso nasa a cikin ƙwaƙwalwar namiji yakan rikiɗe ya zama istirojin.

A ganina, kuskure ne a ɗauki wannan a ce sinadaran jinsi ne ke haifar da shaye-shaye ko kwaɗayi. Aikinsu ya fi kama da na mai murɗa sautin rediyo, wanda ke ƙarawa ko ragewa ba tare da ya sauya tashar ba. Kuma zagayen barbarar ɓera kwana huɗu ne zuwa biyar, zagayen al'adar 'ya mace kuwa kusan kwana 28, saboda haka duk abin da aka gani a ɗakin gwaji sai an sake auna shi a jikin mutane kafin likita ya gina magani a kansa.