Safulawa marar ƙaya: ashe ƙudan zuma ne

'Yan uwa masu gwajin iri, wannan ne rani na uku da nake fama da safulawa, wani tsiro mai ƙaya da ake nomawa don man ƙwayarsa da furensa, a ɗan fegina da ke fadamar Argungu, kuma sai bana na samu kunya huɗu da nake ratsawa ba tare da safar hannu ba.

Irin da aka kawo mini tun farko gauraye yake. A kunya guda sai ka ga mai furen rawaya kusa da mai ruwan lemo wanda kan rine ya koma ja idan ya bushe, ga gajere mai rassa da yawa a gindin dogo. Wannan duk bai dame ni ba kamar ƙaya. Sai wanda ya tsinki fure da hannu a jikin mai ƙaya zai gane abin da ya sa masu bincike a Indiya suka fitar da iri marar ƙaya irin su NARI-6.

A ranin farko na ɗaura wa marasa ƙaya jan ƙyalle, na adana irinsu daban a kwalba. Da na shuka shi a Nuwamban da ya biyo baya, sai ga ƙaya ta sake fitowa a bakin ganye da kewayen kai. Na zargi yaron da ya taya ni sussuka da haɗa iri, na yi masa faɗan da har yau nake jin nauyinsa. Ashe matsalar tana rataye a bishiyoyin gefen gona, inda maƙwabcina ya ɗora amya. Yawanci safulawa kansa yake yi wa barbara, amma ƙudan zuma ba sa barin furensa, kuma idan suka kai ƙurar furen mai ƙaya kan marar ƙaya, ƙayar ce ke rinjaye a 'ya'yan.

Don haka na sayi sabon gidan sauro, wanda kuɗinsa ya yi mini ciwo domin yayyanka shi zan yi, na ɗinka 'yan jakunkuna, na rufe kawunan marasa ƙaya tun kafin su buɗe. Ƙwayar da suka bayar ba ta cika gwangwanin madara ba, amma ita ce ta fito tas bana.

Da kunya biyar ne. Ta biyar ɗin ta ruɓe daga saiwa saboda na yi mata ban ruwa kamar albasa. Yanzu kaurin ɓawo nake dubawa, domin ƙwayar jajayen ta fi ta masu rawaya tauri a haƙori.