Gaɓar Sanriku: Kurakuran da Ba Na So Ku Maimaita

Ƙannena masu shirin zuwa Jafan karatu ko yawon buɗe ido, in hutu ya kai ku gaɓar tekun Sanriku da ke arewa maso gabashin ƙasar, ku ajiye lissafin Tokiyo a Tokiyo. Yawancin kurakuran da na tafka a can tushensu ɗaya ne: na ɗauka ko'ina jirgi na zuwa kowane minti biyar, kati na biyan komai, kanti kuma ba ya rufewa.

Mu fara da hanya. Daga Tokiyo, jirgin ƙasa mai gudu na Hayabusa yana kai mutum Morioka cikin awa biyu da 'yan mintoci, amma duk kujerunsa na kamawa ne, sai an tanadi kujera kafin a shiga. Daga Morioka zuwa Miyako a bakin teku, jiragen layin Yamada ƙalilan ne a yini, bas mai lamba 106 ta fi yawan tashi. A gaɓar kanta akwai layin Rias na kamfanin jirgin Sanriku, kilomita 163 daga Sakari zuwa Kuji, tafiyar sama da awa huɗu. A nan na yi kuskure: tikitin JR (rukunin manyan kamfanonin jirgin ƙasa na Jafan) na baƙi mai zagaya ƙasa ba ya aiki a wannan layi, domin ba na JR ba ne. Ku riƙe tsabar kuɗi, takardun yen dubu-dubu da sulalla. A ƙananan tashoshin da babu ma'aikaci, idan an shiga jirgi sai a zari 'yar takarda mai lamba daga na'urar bakin ƙofa. Lokacin sauka sai a duba allon da ke gaba, a ga kuɗin da ke ƙarƙashin lambar, a zuba a akwatin da ke kusa da direba. Wanda bai zari takardar ba, ba shi da shaidar inda ya hau. Jirgi kuwa in ya wuce, ana iya jiran awa guda ko fiye, don haka ku ɗauki hoton jadawalin dawowa tun kuna sauka. Kudu da Sakari, wajen Rikuzentakata da Kesennuma, bas ce ta maye gurbin jirgi, kada ku tsaya neman dogo.

Cirar kuɗi da katin waje ta fi sauƙi a na'urorin 7-Eleven da na gidan waya. Ku cira a Morioka ko Miyako kafin ku shiga ƙauyuka. Wutarsu bolt 100 ce, soket ɗin mai baki biyu masu faɗi, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga sai da mahaɗi. Fasfo kuma doka ta wajabta wa baƙo yawo da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa, domin na daɗe ina kwana a masaukan bakin ruwa ban taɓa duba hanyar gudu ba. Ranar 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 ta afku a tekun nan, kuma cikin kusan rabin awa ruwa ya fara shiga garuruwa. Gaɓar Sanriku lungu-lungu ce, mashigan ruwa masu faɗin baki da matsattsen ciki, shi ya sa igiya ke taruwa ta yi tsawo idan ta shigo. A Taro akwai katangar teku mai tsayin mita 10 da mutane suka amince da ita, ruwan ya haure ta. A Rikuzentakata, cikin itatuwa kusan 70,000 da ke jere a bakin teku, ɗaya ne ya tsaya.

Don haka da kun ajiye jaka, ku fita da ƙafa ku nemi koren allo mai hoton mutum yana gudu zuwa tudu, igiyar ruwa na bayansa. Ku bi shi har ƙarshe, ku ƙirga mintocin. Idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ko ta daɗe tana rawa ko da a hankali ne, kada ku jira sanarwa, kada ku koma ɗaukar kaya, kada ku shiga mota, cunkoso ya riƙe mutane da dama a 2011. Mutanen yankin suna da kalmar “tendenko”, wato kowa ya ruga tudu nan take ba tare da jiran wani ba. Gargaɗin hukuma mataki uku ne: igiyar da ba ta wuce mita 1 ba, wadda ta kai mita 3, da wadda ta haura haka. Ko na farkon ne, a fita daga ruwa a bar bakin teku, domin ruwa iya gwiwa yana kayar da ƙato. Igiyar farko ba lallai ce mafi girma ba, kada a sauko sai an janye gargaɗin. Ku sauke manhajar Safety tips a waya tun kafin tafiya. Lambar 'yan sanda 110, motar asibiti 119, masu gadin teku 118.

Wajen abinci, na ɗauka tunda kifi ne shi ke nan. Ba haka ba ne ga mai kiyaye halal. Ɗanyen kifi da gasasshe da gishiri ba su da matsala, amma dafaffen kifi cikin miya galibi ana sa masa mirin ko sake, duka dangin giya ne, romon taliyar ramen kuma sau da yawa da ƙashin alade ake haɗa shi. Kalmar alade ita ce “buta”, ku sa a rubuta muku abin da ba ku ci a takarda da Jafananci. A masaukin gargajiya abincin dare yana da lokaci, wajen ƙarfe 6, kuma tun kwanaki ake tsara shi, sai ku faɗa lokacin kama ɗaki. Wanda ya iso ƙarfe 8 ba sanarwa yana iya kwana da yunwa, ga gidajen abincin gari sun rufe. Wurin wankan taro tsirara ake shiga, ku tambayi “kashikiri”, wato wanda ake keɓe wa mutum shi kaɗai.

Ku tafi da rigar sanyi ko da bazara ce, saboda iskar yamase mai hazo da ke tasowa daga teku. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4:30, La'asar da Magariba suna matse da juna, alƙibla kuma yamma ce a ɗan karkata arewa.