Daga Kano zuwa Aro: tafiyar da Umma ba ta so ba

Ranar da takardar fostin ɗina, wato aikin koyo a asibiti, ta fito ina gida Kano ina hutu, da na ce wa Umma asibitin ƙwaƙwalwa na Aro aka tura ni a Abeokuta sai ta ajiye tsintsiyar hannunta tace, "Wai ke duk asibitocin duniyar nan sai na mahaukata?" Ban ce komai ba don dama tun da na fara wannan kwas ɗin, okufeshonal terafi, mu dai OT muke cewa, har yau a gidanmu ba wanda ya gane ainihin me nake karanta, Abba yana cewa likitar ƙashi ce, ƙannena suna cewa nas. Aikin namu shi ne a maido wa mara lafiya iya yin abubuwan yau da kullum, wanka, girki, zuwa kasuwa, riƙe sana'a, kuma da aikin hannu ake yin maganin ba da allura ba. Ƙarshe dai sai da Kawu na Sabo a Abeokuta ya kira waya yace a gidansa zan zauna sannan aka bar ni.

Motar dare na shiga daga Sabon Gari, irin dogayen nan da ake ɗaure buhunan albasa da wake a ƙasa mutane a sama. Zariya, Kaduna, Abuja duk cikin barci da farkawa na wuce su, sai wajen Lokoja da muka hau gadar kogin Kwara na wartsake, aka tsaya cin abinci, masu soyayyen kifi suka yanyame mu. Bayan Okene taya ta fashe, muka sauka gefen titi cikin sanyin asuba, wata mata mai goyo tana ta zagin direba da yaren da ban ji ba amma na gane zagi ne, ni kuwa na samu wuri na yi sallah. Daga nan ƙasa ta canza gaba ɗaya, jar ƙasa da kurmi da bishiyar kwakwar manja, Owo, Akure, Ilesha, Ife, har Ibadan, ƙafata ta kumbura takalmi ya ƙi shiga.

A Ibadan na ɗauki tasi zuwa Moniya don in hau jirgin ƙasan nan na Legas da aka buɗe a 2021, gaskiya bayan wahalar mota sai na ji kamar an biya ni bashi, ga AC ga kujera mai kyau, kafin in gama amsa saƙonnin mutanen gida har an ce mun iso tashar Wole Soyinka ta Abeokuta. Ɗan Kawu ya zo ya ɗauke ni, muka ratsa gari, manyan duwatsu a tsakiyar gidaje, rufin kwano duk ya yi tsatsa, muka tsallake kogin Ogun ta Lafenwa sai ga Sabo. Kai, Sabo kam Hausa ce zalla, mai shayi, mai tsire, kiran sallah, har da masu goro, da yawansu a nan aka haife su, suna magana da kai da Hausa su juya su yi ciniki da Yarabanci kamar ba su ba. Gwaggo ta yi min tuwo da miyar kuka tace in ci da kyau don gobe barkono zan fara sha, kuma ba ta yi ƙarya ba, shinkafar ofada da na ci a bakin asibiti sai da na yi hawaye.

Aro ba abin da na zata ba ne. Fili ne babba da bishiyoyi, ɗalibai nas da likitoci suna kai da kawo, in ba an faɗa maka ba ba za ka ce wane irin asibiti ba ne. A makon farko aka ba mu tarihin wurin, wanda mun karanta a aji amma jinsa a inda ya faru daban ne. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ɗan garin ne, shi ne a 1954 ya fara tsarin da ya sa sunan Aro ya zaga duniya, maimakon a kulle mara lafiya a ɗaki sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan uwansa, uwa ko ƴar uwa, da safe ya zo asibiti a duba shi da yamma ya koma cikin mutane ya ci abincin da ya saba, har masu maganin gargajiya ya jawo ya yi aiki da su. Daga baya ya zama shugaban Jami'ar Ibadan, ya kuma kai mataimakin babban darakta a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ina zaune ina ji ina tuna gidajen mari na wajenmu, da abin da ƴan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa, shekara sittin da biyar bayan wani ɗan Najeriya ya nuna ba sai an ɗaure mutum ba. Ita ma dokar masu taɓin hankali da ƙasar ta yi ta amfani da ita tun 1958 sai a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwa ta maye gurbinta.

Aikina shi ne jagorantar rukuni da safe, bayan an sha magani an karya. Madam ɗin da ke kula da mu, da Ma muke kiranta kuma sai ka ɗan rusuna in za ka gaishe ta, ta kafa mana doka tun ranar farko, duk almakashi da allura da reza a ƙirga kafin a fara a ƙirga bayan an gama, in ɗaya ya ɓata ba mai fita. Kada ka ba ƙofa baya, kada ka yi gardama da mutum a kan muryar da yake ji, kada kuma ka ce masa kai ma kana ji. Ana farawa da motsa jiki kaɗan, sannan a tambayi yau wace rana, wane wata, wa ya yi wanka, wa ya wanke kayansa, daga nan a shiga aikin ranar, wani lokaci zuba duwatsun ado, wani lokaci haɗa sabulun ruwa, ko ludo da ayo (wasan ramuka na Yarabawa), ko rini.

Wanda ya leƙo ta taga zai ce wasa muke, ni ma da na fara sai na ji kamar malamar firamare, sai da Madam ta zaunar da ni ta nuna min abin da zan riƙa kallo. Minti nawa mutum ya iya zama kafin ya miƙe, in aka ba shi umarni mai mataki uku nawa ya riƙe, yana jiran layinsa ko yana fizgewa, in ya yi kuskure me yake yi. Duk wannan za ka rubuta a fayil bayan an tashi kuma likita zai karanta ranar zagayen wod. Masu ciwon sikizofireniya, taɓin hankalin nan da ke sa mutum jin muryoyi, da yawa bayan magani ya kwantar da muryoyin sai a bar su da wani abu da ƴan uwa ke kira lalaci, mutum ya wuni a gado ba wanka ba magana, alhali ciwon ne, kuma ƙwayar magani ita kaɗai ba ta cika taɓa wannan ɓangaren ba. Ga kuma illar tsofaffin magungunan irin su haloperidol da Largactil, hannu na rawa, jiki ya sandare, miyau na zuba, har sai an haɗa da Artane, maganin da ke rage wannan illar.

Ranar rini ita ce ranar da na fi so, don Abeokuta garin adire ne, rinin nan na Yarabawa, kuma ni da na tashi ina wucewa ta marinar Ƙofar Mata warin baba ba baƙona ba ne. Akwai wata dattijuwa a rukunin mata, Mama muke ce mata, a da ɗinki take yi, yanzu hannunta ba ya tsayawa, ta ɗauki zare za ta ɗaure ƙyallen sai ya kuɓuce, ta sake ya kuɓuce, sai ta ture tiren ta juya fuska bango. Na cire zaren na kawo robar ɗaure kuɗi, na canza ƙananan tsakuwan da manyan duwatsu da za su cika tafin hannu, na sa ta ɗora gwiwar hannu a kan tebur. Ta ɗaure ɗaya, ta ɗaure biyu, ta yi shiru tana yi har ta cika ƙyallen. Da aka tsoma aka fito da shi kore-kore, iska ta buga ya koma shuɗi, aka kwance, sai ta ɗaga shi tana duba inda zoben bai fita daidai ba tana tsaki, har tana gyara wa ta kusa da ita. Wannan tsakin shi na rubuta a fayil, don mutumin da ya fara ganin aikinsa bai yi kyau ba ya fara dawowa.

A ɓangaren maza kuma aka haɗa ni da wani saurayi Bahaushe saboda ba ya jin Turanci, Yarabancinsa ma na ciniki ne. Ƙwaya ce ta kawo shi, tiramol da wiwi da maganin tarin nan mai kodin da gwamnati ta hana tun 2018 amma har yau bai ɓace ba. Kullum yana gefe, ludo baya so, ayo bai iya ba, in na yi magana sai "to Malama" kawai. Wata rana na roƙi izini muka fita fili, na tona ramukan dara a ƙasa, biyar sau shida, na karya tsinke sha biyu na ba shi tsakuwa sha biyu. Ya daɗe yana kallo sannan ya tsuguna yace, "Malama ai ba a jera uku tun wajen zubi." Ya cinye ni ba tausayi, ya sake cinye ni, daga nan sai ga labari, garinsu, babur ɗin da ya sayar, mahaifiyarsa da bai kira ba. Kafin sati ya zagayo shi ke koya wa sauran, da hannu da ƴan kalmomin Yarabanci, har wani nas ya zauna aka cinye shi shi ma. Ba wai ya warke ba ne fa, akwai ranakun da ya ƙi fitowa sam, akwai ranar da ya watsa ramukan da ƙafa ya tafi, sai dai yanzu akwai abin da za a kira shi a kansa.

Ƙarshen mako ɗaya ƴaƴan Kawu suka kai ni dutsen Olumo, inda Egbawa, Yarabawan garin, suka fake lokacin yaƙe-yaƙe wajen 1830, muka bi matakala ina haki, daga sama kana ganin kogin Ogun da garin duka. Muka sauko kasuwar Itoku na sayo wa Umma adire, mai shagon ta ji Hausa a bakina ta ninka kuɗi, ƴar Kawu ta buɗe mata Yarabanci sai ga shi ya sauko rabi.

Kafin in taho aka kira yayan saurayin nan don shirin sallama, ni ce tafinta. Tambayarsa ta farko ita ce in ya ji sauƙi a daina maganin ko, ta biyu kuma akwai wani malami da aka ce yana cire irin wannan. Likita tace addu'a ba wanda ya hana, a yi ruƙiyya a yi sadaka, amma magani ba a tsayar da shi sai an dawo kilinik, kuma ba duka ba ɗauri. Ni kuma na ƙara da namu ɓangaren, kada a bar shi zaune a ɗaki wai ana tausayinsa, a tashe shi asuba, a ba shi aiki ko da jiran shago ne na rabin wuni, kuɗi kaɗan-kaɗan a hannunsa ba dunƙule ba, a raba shi da majalisar da ya saba. Yayan yace, "Hajiya duk za a yi in sha Allah, amma shagon nawa ne zai jira, kuma ni zan riƙe makullin durowa." Muka rubuta haka a takardar.

Dawowa ban yarda da motar dare ba, na kwana Ibadan na bi ta safe zuwa Abuja, washegari na ƙarasa Kano. Rahoton fostin ɗin har yanzu ban gama ba, kuma na riga na sa Abba ya fara tambayar min ko za a karɓe ni a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa zagaye na gaba, don ina so in gwada rukunin nan da Hausa daga farko har ƙarshe.